Darasin Wannan Wata: Takardar Shaidar Naƙasa da Amfaninta

Wani manomi yana da ɗa mai shekara 9. Tun da yaron ya yi ciwon sanƙarau yana ƙarami kunnensa ya mutu. Ba ya ji, maganarsa ma ba ta fita sosai. Wata Juma'a aka yi shela cewa za a ɗauki yara a makarantar kurame da ke birni, kuma ba a biyan kuɗin makaranta. Manomi ya sayar da kaji biyu, ya biya kuɗin mota, ya tafi da ɗansa.

Jami'in da ke rubuta sunaye ya ce, "Malam, ina takardar likita?"

Manomi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yaron nan a gabanka. Ai gani ya kori ji."

Jami'i ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma kurumta ba a ganinta da ido. Kuma gobe idan manya suka zo bincike, takarda za su nema a fayil."

Haka suka koma gida. Kaji sun tafi, kuɗin mota ya tafi, sunan yaro bai shiga ba.

Me ya sa ake neman takarda?

Na farko, ba kowace naƙasa ake gani da ido ba. Gurgu da wanda aka yanke wa hannu ana ganinsu. Amma kurma, da mai raunin gani, da mai naƙasar ƙwaƙwalwa, sai likita ya auna.

Na biyu, kayan taimako kaɗan ne, masu nema suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya yana da naƙasa mai tsanani. Idan babu shaida, mai lafiya zai iya shiga layi ya karɓe kason mai buƙata.

Na uku, jami'i ma ana tambayarsa. Duk abin da ya bayar sai ya nuna wa na gaba da shi wanda ya karɓa da dalilin bayarwa.

Abin da doka ta ce

A watan Janairu na 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa. Ana kiranta dokar 2018. A shekarar 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, mai hedkwata a Abuja. Wasu jihohi ma suna da nasu dokokin. Filato ta yi tata a 2005, Legas a 2011, Kaduna a 2021.

Dokar tarayya ta ambaci takardar shaida iri biyu.

Ta farko ita ce ta wucin gadi. Idan mutum yana da lafiya, sai haɗari ko ciwo ya same shi, likita ya ga alamar naƙasa, zai iya ba shi wannan takarda da amincewar hukumar. Ba ta wuce kwana 180, wato kusan wata shida. Dalili shi ne wani raunin yana warkewa.

Ta biyu ita ce ta dindindin. Idan kwana 180 suka wuce naƙasar tana nan, hukumar ce ke bayar da ita bisa shawarar likita. Tana aiki muddin naƙasar ba ta gushe ba. Mai riƙe da ita ya cancanci duk haƙƙoƙin da ke cikin dokar.

A lura da abu ɗaya: duka takardun biyu daga wurin likita suke farawa.

Haƙƙoƙin da dokar ta bayar

1. Ilimi kyauta har zuwa matakin sakandare.

2. Magani kyauta a asibitocin gwamnati ga mai naƙasar ƙwaƙwalwa.

3. A layi, a fara sallamar mai naƙasa. Wanda ya ƙi, tararsa naira 50,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun.

4. Ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari a samu masu naƙasa aƙalla 5 cikin kowane ma'aikata 100.

5. Gine-ginen jama'a su kasance da hanyar da mai keken guragu zai shiga. An ba da wa'adin shekara 5 don gyara, ya cika a Janairun 2024.

6. Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Idan kamfani ne, naira miliyan 1.

Haƙƙi daban, rangwame daban

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Haƙƙi doka ce ta bayar, ba alfarma ba ce. Rangwame kuwa sassauci ne da wata hukuma, ko makaranta, ko ƙungiya ta ga dama ta yi, kamar rage kuɗin fom ko raba keken guragu. Wanda ya yi rangwamen shi ke faɗin sharaɗinsa. Takardar shaida ba ta tilasta wa mai shago ya rage kuɗin sukari.

Saboda haka idan aka ji shelar rangwame ko tallafi, kafin a hau mota a yi tambaya uku. Wa ke bayarwa? Wace takarda ake buƙata? Yaushe za a rufe? Matambayi ba ya ɓata.

Matakan da za a bi

Na ɗaya, a je babban asibitin gwamnati. A faɗa wa likita cewa rahoton naƙasa ake nema. Idan matsalar ta ido ce ko ta kunne, zai iya turawa wurin likitan wannan sashe. A tafi da tsofaffin katunan asibiti, domin suna nuna lokacin da ciwon ya fara.

Na biyu, kafin a bar asibiti a karanta takardar. Wanda bai iya Turanci ba ya sa a karanta masa. A tabbata akwai cikakken suna, da irin naƙasar, da kwanan wata, da sa hannun likita, da hatimin asibiti. Takarda ba hatimi kamar ƙwarya ce ba marfi.

Na uku, a duba suna da kyau. Ya zama iri ɗaya da wanda ke kan takardar lambar ɗan ƙasa, wato NIN, ko takardar haihuwa idan yaro ne. Idan a nan an rubuta sunan uba, a can an rubuta sunan gari, jami'i zai ce mutum biyu ne. Harafi ɗaya na iya ɓata tafiya.

Na huɗu, a ɗauki ƙananan hotuna irin na fasfo, a yi fotokwafin kowace takarda.

Na biyar, a je sashen jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma. A tambayi inda ake rajistar masu naƙasa a jihar, da hanyar neman takardar hukumar ƙasa.

Na shida, a shiga ƙungiya. A garuruwan Hausa da yawa akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare. Akwai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, mai rassa a jihohi. Sau da yawa labarin tallafi ta wurinsu yake fara fitowa. Amma a sani, wasiƙar shugaban ƙungiya ko ta dagaci tana taimakawa ne kawai. Ba ta maye gurbin rahoton likita.

Akwai taimakon da ba ya jiran takarda

Maganin kuturta kyauta ne. Duk wanda ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin zafi ko taɓawa, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya neman shaida. Shan magani da wuri yana hana gundulewar yatsu. Ranar zaɓe ma, ana fara sallamar masu naƙasa da tsofaffi da masu juna biyu. Makaho yana iya zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa.

Hattara da 'yan damfara

Wasu kan shigo ƙauye su ce a ba su kuɗi su kawo takarda ba sai an ga likita ba. A guje su. Doka ta ce wanda ya bayar da takardar shaida ta haramtacciyar hanya, da wanda ya karɓa, tararsa naira 200,000 ko ɗaurin shekara 1, ko duka biyun. Duk kuɗin da aka biya a asibiti ko ofis a karɓi rasit. Kada a ba baƙo lambar sirri ta katin banki. Kada a bar takarda ta asali a hannun kowa. A nuna ta, a ba da kwafi, a dawo da ita gida. A sa ta cikin leda a akwatin ƙarfe, saboda ruwa da gara.

Manomin nan ya bi waɗannan matakai. Ya kai ɗansa babban asibiti aka auna kunnensa. Da aka ba shi rahoto, ya karanta sunan da kansa, domin ya yi ajin yaƙi da jahilci. Ya ga an ɓata sunan mahaifi, ya sa aka gyara nan take. Da aka sake ɗaukar ɗalibai, sunan yaron ya shiga.

Sababbin kalmomi

Wucin gadi: na ɗan lokaci. Dindindin: mai ɗorewa. Rangwame: rage kuɗi. Hatimi: tambarin ofis.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a rubuta sunan yaron a zuwan farko ba?

2. Kwana nawa takardar wucin gadi take aiki?

3. Faɗi abubuwa biyar da za a duba a rahoton likita.

4. Mene ne bambancin haƙƙi da rangwame?

5. Ma'aikata tana da mutum 200. Idan an bi 5 cikin 100, masu naƙasa nawa za a samu?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta cikakken sunansa kamar yadda yake a takardar NIN. Sannan ya karanta wa wani mai naƙasa a unguwarsu wannan darasi, ko iyayensa.