Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohon Suwic, Sa A Kunna Shi A Gabanka

Duk wanda ya fara karatun CCNA, wato takardar shaidar kamfanin Cisco ga masu haɗa kwamfutoci, akwai lokacin da sha'awar mallakar ƙarfe ke kama shi. Ya ga hoton wani a Amurka da suwic da rauta jere a ɗaki, fitilu na ƙyaftawa, sai ya ce shi ma sai ya tara nasa. Aikina haɗa ofisoshi ne da gyara inda sadarwa ta yanke, don haka ƙannena masu wannan karatu kan turo mini hoton kaya su ce, "Yaya, in saya?" Galibi cewa nake a dakata tukuna.

Tun watan Fabrairun 2020 jarrabawar ta koma guda ɗaya mai lamba 200-301, kuɗin zamanta dala 300. Mafi yawan abin da ake tambaya kana iya gwada shi a Packet Tracer, manhajar da Cisco ke bayarwa kyauta ga wanda ya yi rajista da makarantarsu ta intanet. Wanda bai tara kuɗin jarrabawa ba ya je ya zuba abin hannunsa a kan ƙarfe, ya yi gaggawa. Amma ƙarfen yana da nasa amfanin, ban musanta ba. A manhaja kebul ba ya tsinkewa ta ciki, kafar suwic ba ta mutuwa, kuma ranar da aka ɗauke ka aiki waɗannan ne za su fara tarbar ka.

In lokacin saye ya yi, kaɗan ya wadatar. Suwic uku na Catalyst 2960, ko biyu da 3560 guda, domin da uku an fi ganin yadda STP ke toshe hanya ɗaya ya bar sauran. Rauta biyu, 1941 ko 2901, sun isa a ga OSPF yana aiki. Kada wani ya cusa maka katunan siriyal da jibga-jibgan kebul ɗinsu, an daina saita su a wannan jarrabawa. Tsofaffi irin 2950 da 2600 kuwa, ko kyauta aka ba ka, kaya ne kawai.

Babban zancen shi ne gwaji. Ko a Beirut Road na Kano ne, ko Computer Village na Ikeja, ko wani ne ya tallata a waya, ka tafi da laftof ɗinka da kebul ɗin konsol, shuɗin nan mai faɗi, da abin da ke haɗa shi da USB. Mai kaya zai jona wuta, fitilu su kama, ya ce, "Ga shi nan, lafiya lau, ranka ya daɗe." Kamawar fitila ba shaida ba ce. Ka buɗe manhajar PuTTY, ka sa gudu a kan 9600, ka zuba ido a kan rubutun da ke gangarowa har na'urar ta gama tashi. In rautar ta tsaya a kan kalmar rommon, ko suwic ya tsaya a kan switch: ya ƙi gaba, akwai yiwuwar an share manhajar IOS ko ma'ajiyarta ta lalace. Galibi Cisco ba ya barin mutum ya sauke IOS sai mai kwangila da su, saboda haka wannan araha ce da ba ta ado. Ajiye shi.

In ta tashi, buga show version. Nan za ka ga wace IOS ce a ciki, ka fifita 15 a kan 12, ka kuma duba ko akwai k9 a sunanta, don in babu ba za ka iya saita SSH ba, alhali yana cikin jarrabawa. Daga nan ka ɗauki kebul ɗaya ka bi kafofin suwic ɗin 24 ɗaya bayan ɗaya, kowace ka jira fitilarta ta tashi daga ruwan lemo zuwa kore. Mai shago zai ƙosa, ka ba shi haƙuri ka ci gaba. Na sha ganin suwic da tsawa ta kashe masa kafofi huɗu a jere, sauran garau.

Kalmar sirri da aka bari a ciki ba abin tsoro ba ce, koyon cire ta ma darasi ne: a rauta da lambar 0x2142, a 2960 da danne maɓallin Mode lokacin kunnawa. Sai dai ka tambayi asalin kayan, musamman in da tambarin wata ma'aikata a jiki, kada ka kai kayan sata gida. In ka tarar da saitin tsohon mai shi, sunaye da adireshi da komai, ka share. Amanar wasu ce.

Iri biyu ne ke cin kuɗin sababbin shiga. Kayan Meraki sababbi fil a ido, ga arha, amma ba sa aiki sai da lasisin da ake sabuntawa, kuma sau da yawa suna nan a rajistar kamfanin da ya zubar da su. Haka na'urorin waifai masu LAP ko CAP a lambarsu, waɗanda aka yi su don su yi aiki ƙarƙashin wata uwar na'ura da ba ka da ita.

Sai zaman gida. An ƙera waɗannan kaya ne don ɗaki mai sanyi da aka rufe, fankarsu kuwa ba ta san dare ba, mai ɗaki ɗaya da iyali ya nemi ƙaramin 2960 mai kafa 8 wanda ba shi da fanka. Suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, amma kawowa da ɗaukewar wutarmu na ƙona su, don haka a haɗa da sitabilaiza. Masu PoE, wato masu tura wuta ta kebul, sun fi ƙara da zafi, karatun kuma bai buƙace su ba. Da hunturu a riƙa buɗe murfi ana hure ƙura, in an gama karatu a kashe a rufe da zane.