Matakan Sakin Manhaja a Kamfanonin da ke Ƙarƙashin Sa Idon Hukuma: Darasi Daga Asarar Knight Capital

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matakan da ake bi wajen sakin sabon zubin manhaja a kamfanonin da doka ta ɗora wa hukuma sa ido a kansu, kamar bankuna da dillalan hannun jari. An ɗauki abin da ya faru da kamfanin Knight Capital na Amurka a shekarar 2012 a matsayin abin nazari. Binciken ya nuna cewa amincin saki ya rataya ne a kan tabbatar da abin da aka ɗora a kowace kwamfuta, da tanadin hanyar ja da baya wadda aka riga aka gwada.

1.0 Gabatarwa

Sakin manhaja shi ne ɗauke sabon zubi daga dandalin gwaji a ɗora shi a kan kwamfutocin da ke yi wa jama'a aiki. A kamfanin da ke riƙe da dukiyar mutane, wannan mataki yana da nauyi iri biyu. Na farko shi ne manhajar ta yi aiki daidai. Na biyu kuwa shi ne kamfanin ya iya nuna wa hukuma shaidar wanda ya yi canjin, da wanda ya duba shi, da lokacin da aka ɗora shi. Sashe na 404 na dokar Sarbanes-Oxley ta Amurka, ta shekarar 2002, ya wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su tantance ingancin tsare-tsarensu na cikin gida da suka shafi rahoton kuɗi, wanda hakan ya jawo masu binciken asusu suka riƙa duba yadda ake sauya manhajojin lissafi. Haka kuma dokar DORA ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 17 ga Janairu, 2025, ta buƙaci cibiyoyin kuɗi su kasance da rubutaccen tsarin sarrafa canje-canjen fasahar sadarwa.

2.0 Abin da Ya Faru da Knight Capital

A wancan lokaci Knight Capital yana cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka. A shekarar 2012 kasuwar hannun jari ta New York ta shirya fara wani sabon tsari na ƙananan masu zuba jari ranar 1 ga Agusta. Domin shiga tsarin, kamfanin ya sabunta manhajarsa mai suna SMARS, wadda ke rarraba umarnin saye da sayarwa, kuma take aiki a kan manyan kwamfutoci takwas.

A cikin manhajar akwai wani tsohon ɓangare mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge shi ba. A 2005 an ɗauke daga cikinsa sashen da ke ƙirga abin da aka riga aka saya domin ya tsaya idan umarni ya cika, ba a kuma sake gwada shi ba. Sabon zubin sai ya ari makunnin da a da yake tayar da Power Peg, ya ba shi sabon aiki. Daga ranar 27 ga Yuli aka fara ɗora zubin da hannu, sai ma'aikacin ya tsallake kwamfuta ɗaya. Babu mutum na biyu da ya duba aikinsa.

Da safiyar 1 ga Agusta, kafin a buɗe kasuwa, na'urar ta aika saƙonnin imel 97 masu ambaton Power Peg, amma ba a ɗauke su a matsayin gargaɗi ba. Da aka buɗe kasuwa, kwamfuta ta takwas ta tayar da tsohon ɓangaren, ya shiga aika umarni babu ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45, umarni 212 sun haifar da cinikayya sama da miliyan 4 a hannayen jari iri 154. Ana cikin ruɗani ma'aikata suka cire sabon zubin daga kwamfutoci bakwai masu lafiya, sai su ma suka faɗa hannun Power Peg, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ƙiyasta asarar da sama da dala miliyan 460, kuma a watan Oktoba 2013 ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12. Kafin nan ma ya riga ya haɗe da kamfanin Getco.

3.0 Matakan da Nazarin Ya Fitar

3.1 Ɗorawa ta Na'ura da Tantancewa

Kamata ya yi a gina zubi sau ɗaya, a ba shi lambar shaida ta musamman, sannan shi ɗin ne zai bi ta dandalin gwaji har zuwa fagen aiki. Bayan ɗorawa, na'ura ta kwatanta lambar da ke kan kowace kwamfuta da wadda aka amince da ita, ta hana buɗe aiki idan an sami saɓani. Da an yi haka, da an gano kwamfuta ta takwas tun kafin ranar.

3.2 Raba Ayyuka

Wanda ya rubuta canji bai kamata ya zama shi ne mai amincewa da shi ba. Sai dai sa hannu a takarda ba ya wadatarwa idan mai sa hannun bai ga ainihin abin da aka sauya ba. Abin da ya fi shi ne a kafa sharaɗin a cikin ma'ajiyar manhaja, ta yadda canji ba zai shige ba sai wani injiniya ya karanta shi ya amince.

3.3 Share Tsohon Rubutu

Duk ɓangaren da aka daina amfani da shi a goge shi, kuma kada a ba tsohon makunni sabon aiki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga; tsagar Knight Capital ta yi shekara tara tana jira.

3.4 Saki Daki-daki da Hanyar Ja da Baya

A fara da ƙaramin kaso na masu amfani, a lura, sannan a faɗaɗa. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawar da kamfanin CrowdStrike ya tura gaba ɗaya ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Ja da baya shi ma saki ne, don haka sai an gwada shi tare da makunnan da ke tafiya da shi. Bugu da ƙari, a fayyace wanda ke da ikon kashe tsarin nan take ba tare da jiran taro ba.

3.5 Shaida Mai Rubuta Kanta

Idan matakan da suka gabata suna gudana ta na'ura, kowannensu zai bar rajista mai ɗauke da suna da lokaci da sakamakon gwaji. Irin wannan rajista ta fi takardun da ake cikewa bayan aiki ya wuce ƙarfi a gaban mai bincike, muddin an hana masu ɗorawa damar taɓa ta.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa asarar Knight Capital ta taru ne daga ƙananan sakaci guda huɗu: tsohon rubutun da aka bari, makunnin da aka ara, ɗorawar da ba a duba ba, da gargaɗin da ba a saurara ba. Darasin ya shafi bankunan Nijeriya da ke ƙarƙashin Babban Bankin Ƙasa, musamman ganin yadda abokan hulɗa suka sha fama a 2024 lokacin da wasu bankuna suka sauya manhajar da ke riƙe da asusunsu. Maƙalar tana ba da shawarar cewa kafin kowane saki a sami amsa a rubuce ga tambayoyi uku: mene ne ke kan kowace kwamfuta yanzu, wa ya tabbatar da shi, kuma cikin minti nawa za a iya tsayar da shi idan ya ɓaci.