Wanda Ke Ɗaga Waya Idan An Buga 112

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na dare, a tsakiyar hunturu, waya ta yi ƙara a wata cibiyar karɓar kiran gaggawa a arewacin Najeriya. Muryar wata dattijuwa ce, tana salati tana kuka: gobara ta tashi a gidan maƙwabta, kuma akwai yara a ciki. Mai karɓar kiran ya ce, "Hajiya, a ina ne?" Ta faɗi sunan unguwa. Ta ina ake shiga? Ta ce bayan masallaci. Unguwar nan kuwa masallatanta sun fi ƙarfin yatsun hannu. Ana cikin wannan ja-in-ja wani yaro ya karɓi wayar, ya ce lungun da ke kallon tiransifoma ne, daura da makarantar firamare, kuma babbar mota ba ta shiga sai ta ɓangaren gidan mai. Da maganar yaron nan aka tashi motar kwana-kwana.

Mai wannan rubutu ya yi shekaru a irin wannan kujera, da abin sauraro maƙale a kunne, kuma da wuya mako ya fita bai gamu da kira irin na Hajiya ba. Mutane sukan zaci wanda ya ɗaga wayar shi ne zai zo, shi ya sa tambayoyinsa ke ba su haushi. Alhali shi ba ɗan sanda ba ne, ba ɗan kwana-kwana ba ne, ba kuma direban motar asibiti ba. Aikinsa ya tsamo magana mai amfani daga bakin wanda ya ruɗe, ya miƙa ta ga waɗanda ke da mota da kayan aiki.

Dabarar ware lamba ɗaya don kiran gaggawa ta daɗe a duniya. A Landan aka fara ta a 1937 da lamba 999, bayan wata gobara ta kashe mata biyar a wani gida a 1935, inda maƙwabcin da ya nemi 'yan kwana-kwana ya yi ta jiran masu haɗa waya su amsa masa. Amurka ta fito da 911 a 1968, ƙasashen Turai kuma suka tsayar da 112 a 1991. Ita ce Najeriya ta ɗauka. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke gina cibiyoyin a jihohi tana zuba musu na'urori, kuma fiye da 20 sun fara aiki. Ta Abuja, Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe ta a watan Maris na 2020, daidai lokacin da korona ke shigowa ƙasar. Akwai wasu lambobin ban da 112: hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da 122, jihar Legas tana da 767. Amfanin 112 shi ne mutum ba ya buƙatar sanin wace hukuma ce ke da alhakin matsalarsa.

Kiran kyauta ne, daga kowane layi, ko babu ko kwabo a waya. Galibin wayoyin zamani ma suna barin a buga shi ko da an kulle su da lambar sirri, abin da ke da amfani idan wayar wanda ya yi hatsari ce kaɗai a kusa. Da an buga, kamfanin layin zai tura kiran zuwa cibiyar da ke kula da yankin. A can akwai ma'aikata da ke karɓa-karɓa dare da rana, kowa da kwamfuta a gabansa. Wanda ya ɗaga zai rubuta abin da ya faru da inda ya faru, sannan ya tura wa hukumar da ta dace: 'yan sanda, ko kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko Sibil Difens, ko hukumar agajin gaggawa, ko masu motar ɗaukar marasa lafiya. Hatsarin mota guda ɗaya yakan tashi hukumomi uku a lokaci guda, wasu su buɗe hanya, wasu su yanke ƙarfe su ciro mutane, wasu su kai asibiti.

Duk wannan tsari a kan abu ɗaya yake tsaye, wato kwatance. Nan kuwa muke da aiki. Yawancin gidajenmu ba su da lamba, wasu titunan ba su da suna, waɗanda ke da suna a takardar gwamnati kuma jama'a da wani sunan suka san su. "Gidan Alhaji" ba kwatance ba ne a garin da kowane layi ke da alhazai goma. "Kusa da mai shayi" ba ya aiki da ƙarfe uku na dare, lokacin da mai shayin ya kwashe teburinsa. Abin da direba ke nema shi ne abin da ba ya tashi daga wurinsa kuma baƙo zai gane shi da fitilar mota: gidan mai da sunansa, shataletale, gada, masallacin Juma'a, makaranta, asibiti, dogon ƙarfen sabis. A fara da gari ko ƙaramar hukuma, sai unguwa, sai babban titi, sai alamar, sai hannun dama ko hagu. A kan babbar hanya kuwa, a faɗi garin da aka baro da wanda ake dosa, da ɓangaren da abin ya faru. Kada kowa ya ɗauka kwamfuta za ta nuna ƙofar gidansa.

Idan lungu ne da mota ba ta shiga, a faɗa tun farko. Sannan a tura matashi guda ya tsaya a bakin titi da tocila. Sau da yawa mota takan iso unguwa da wuri, ta ɓata lokaci tana zagaye, direba na ganin hayaƙi amma bai san ta inda zai ɓulla ba.

Bayan wuri sai sauran tambayoyin, kuma kowace da dalilinta. Mutum nawa ne? Amsar ita ke nuna mota ɗaya za a tura ko uku. Yana numfashi? Yana magana? Wutar daga me ta tashi, lantarki ko fetur ko tukunyar gas? Ruwan da ke kashe wutar katifa shi ke yaɗa wutar fetur, wanda kuma ya watsa shi a kan wayar lantarki mai rai ya sa kansa cikin waɗanda za a ceta. In mai naƙuda ce, ana so a ji ko tana zubar da jini ko tana jijjiga, domin waɗannan biyun ba sa jira gari ya waye. Mai kira yakan fusata ya ce, "Malam, ku zo mana, tambayar me kake yi?" Bai san cewa a lokacin da yake amsawa hannun ma'aikacin na kan kwamfuta yana rubutu ba, kuma saƙon da ya tafi babu waɗannan bayanai sai an sake kiran mai shi.

Kafin agaji ya iso, akwai abubuwan da ke hannun jama'a. Rauni mai zubar da jini, a danne shi da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko madara. Ƙuna, a yi ta zuba mata ruwa mai sanyi na kimanin minti 20. Ƙwai da manja da man goge baki ba su da wuri a nan. Wanda ya faɗa rijiya, kada wani ya bi shi haka nan, domin iskar ƙasan tsohuwar rijiya kan kashe mai ceto kafin ya kai ga wanda ya je cetowa. Tankar mai kuwa idan ta faɗi, nesa da ita kawai. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, fiye da mutum 150 ne suka rasu, da yawansu sun je kwasar man da ya malale ne.

Sai ciwon da ke damun duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan: kiran banza. Yara da aka ba wa waya su yi wasa. Samari da ke neman hira da muryar mace tunda kiran kyauta ne. Masu tambayar yadda za su sayi data. Mafi muni su ne masu ƙirƙirar gobarar ƙarya, a tashi mota da ruwanta da manta a je a tarar babu komai. Layukan cibiya ƙidayayyu ne, ma'aikatan ma haka. Duk wanda ya riƙe layi yana wasa, wani na can yana jin waya na ƙara ba a ɗauka.

A faɗi gaskiya kuma, cibiya ba ta da motar kanta. Idan hukumar da aka tura wa saƙo motarta ɗaya ce kuma ta fita, ko ƙauyen na da nisa, ko hanya ta yanke da damina, mai karɓar kira ba shi da abin da ya wuce ya sake bugawa ya matsa. A ganin mai wannan rubutu, nan ne gwamnatocin jihohi ke da babban bashi a wuyansu, domin lamba ba ta ɗaukar mara lafiya. Shirin motocin asibiti na ƙasa, NEMSAS, wanda aka fara gwajinsa a Abuja a 2022, yunƙuri ne na toshe wannan giɓi. Inda ya zama dole a ɗauki mutum a a-daidaita-sahu, yana da kyau a san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta a duba wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda.

Roƙon da ya rage ga masu gida ne. A zauna yau a rubuta kwatancen gida a takarda, yadda baƙo zai gane shi cikin dare, a manna a bayan ƙofa. A karanta wa matan gida da yaran da suka yi wayo, domin sau da yawa su ne ke gida idan abu ya faru. Wanda kuma ya buga 112, kada ya kashe waya sai ma'aikacin ya ce ya gama, kuma ya bar layinsa a buɗe, domin direba zai iya nemansa a hanya.