Yanar Ido Ga Yaro Mai Amosanin Gaɓɓai

Jama'a da dama sun ɗauka yanar ido ciwon tsofaffi ne kaɗai, alhali yara ma tana kama su. Akwai wani irin amosanin gaɓɓai da ke fara wa yaro kafin ya kai shekara 16, gwiwa ko idon sawu ya kumbura, a wuce mako 6 bai sace ba. Wannan ciwo yakan shafi ido, ya kumbura cikinsa a ɓoye: ido bai yi ja ba, yaro bai ce yana jin zafi ba. An fi ganin haka ga ƙananan 'yan mata. Shi ya sa likitoci ke son a riƙa duba idon waɗanda ke cikin haɗari duk bayan wata 3.

Kumburin da ya daɗe shi ke kawo yanar. Haka ma maganin ɗigawa na sitiroyid idan an jima ana sa shi.

Tiyata tana dawo da gani, amma da sharaɗi: sai kumburin ya kwanta na aƙalla wata 3 kafin a taɓa idon. Sauri ya haifi nawa. Idon da aka yanka yana kan kumburi yakan yi tabo, aikin ya lalace. Don haka ake fara ba yaro magunguna irin su metotireksat ko adalimumab. A da likitoci kan cire yanar su bar yaro da tabarau mai kauri, don gudun kada ƙwayar roba da ake dasawa a ido ta tayar da kumburi. Yanzu da magani ya inganta, ana dasa ta, yara da yawa kuma suna samun ganin da zai ishe su karatu.

Bayan aiki akwai sauran rina a kaba. Hawan jinin ido na iya biyowa, wani hazo kuma yakan taru bayan ƙwayar da aka dasa, sai an share shi. Ƙaramin yaro kuwa wani lokaci sai an riƙa rufe masa lafiyayyen idon, domin wanda aka yi wa aiki ya koyi gani.

Iyaye, kada ku kai yaro wurin masu soke yana a gargajiyance, sau da yawa makanta ce ƙarshenta. Ku nemi ƙwararru, kamar na Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Ku riƙe magani, kada ku tsallake ranar komawa asibiti.