Ku riƙa ƙirga sheƙar shamuwa

Yarana, ku matso in faɗa muku abin da ni na yi sakaci da shi.

Bayan yunwar 1984 gonakin garinmu Baoudetta fayau suke, kana tsaye kana hango mai jaki tun daga nesa. Sai aka kama sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa daga Maraɗi a 1983: kada ka tone kututture, ka bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Yau ga gawo, ga kalgo, ga sabara, har ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar. Itace dai an ƙirga shi. Tsuntsayen da ke sheƙa a kansa fa?

In kun tambaye ni, cewa zan yi shamuwa ta ragu. Maƙwabcina kuwa zai rantse ta ƙaru. Cikinmu ba mai rubutu a hannu, tsoho kuma ba ya rasa ƙarin gishiri.

Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina yana ƙirga su shaho da ungulu daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin su a 2003 da 2004. Da ya haɗa lissafin, ashe manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji. Muna nan zaune abin ya faru, ba mu ankara ba.

To, ku sayi ɗan littafi. In shamuwa ta sauka gab da damina, ku zagaya itatuwan gari da hantsi, ku rubuta: tsamiyar bakin rijiya, sheƙa nawa, nawa ke da uwa kwance. In 'ya'ya sun fara leƙowa ku koma. Sheƙar da aka ƙaurace wa ita ma ku sa ta, ita ce ma mai labari. Gawo zai sauƙaƙa muku, tunda da damina yake zubar da ganye, komai a fili. Ba hawa, ba jifa, gatari kuma ya jira sai 'ya'yan sun tashi. Tsuntsuwar da ke cinye mana fara ta cancanci wannan.

Baɗi, itatuwan nan dai, makon nan dai. Ƙirgar shekara ɗaya ba ta faɗin komai, sai ta kai goma, ashirin. Ku naɗe littafin a leda saboda gara, ranar da za ku tafi cirani ku damƙa shi hannun ƙanenku.