Abin da ka faɗa wa malamin asibiti a ranar farko

'Ya'yana masu acaba a Nyanya, da ku da kuke bin hanyar Karu, Jikwoyi, Kurudu har Karshi, ku ba ni kunnenku kaɗan. Na yi shekaru a ofishin kati na asibiti kafin ritaya, aikina shi ne karanta abin da likita ya rubuta in mai da shi lamba. Ba wanda ke gaishe da mai wannan aiki, amma kuɗin jinyar mutane da yawa ta teburinsa suke bi.

Tun da aka hana acaba shiga tsakiyar Abuja a 2006, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, sana'arku ta tattaro gefen gari. Ga babban titin Keffi da cunkosonsa, ga kuma hanyoyin bayan gari: gonaki, wuraren fasa dutse, filayen da ake yankawa, da fegin da yaro ke koyon tuƙi da yamma. A irin waɗannan wuraren na bayan gari ba ɗan sanda, ba jami'in kiyaye haɗurra. In aka faɗi, shaidar da za ta rage ita ce abin da aka rubuta a kati, shi ke nan.

Ga yadda abin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta da kowane rauni lamba, ana ce masa ICD. Bugu na 10 ne aka fi sabawa da shi, ko da yake na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Wanda ya yi hatsari lamba biyu ake ba shi. Ta farko tana faɗin abin da ya same shi: karayar ƙwauri S82 ce, ta cinya S72, buguwar da ta taɓa ƙwaƙwalwa S06. Ta biyu tana faɗin yadda aka yi. Masu babur suna tsakanin V20 da V29. Wanda ya buge mutum ko akuya V20, wanda ya yi karo da wani babur ko Keke Napep V22, ƙaramar mota V23, tifa ko bas V24, wanda ya daki bishiya ko katanga V27, wanda kuwa santsi ya kayar shi kaɗai V28. Sai a ɗiga aya a ƙara lamba guda: direba ne ko fasinja, a hanyar jama'a ne ko a wajenta.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Ba kwalta ake dubawa ba. Burjin da kowa ke bi zuwa ƙauye hanyar jama'a ce. Cikin gona, harabar kamfanin dutse ko filin koyon tuƙi su ne wajen hanya. Kuma ƙa'idar kundin ita ce, in ba a faɗi wurin ba, a ɗauka a kan titi ne. To ka ga, ɗana, ranar da aka kawo ka Babban Asibitin Nyanya jini na zuba, abokinka ya ce “ya faɗi ne kawai”, ya riga ya rubuta maka wani labari wanda ba naka ba.

Na san dalilin ɓoyewar. Wani ba shi da lasisi, wani babur ɗin na maigida ne aka ɗauka ba izini, wani tsoron 'yan sanda yake ji. Har na sha ganin an rubuta “ya faɗo daga bene” ga mutumin da salansa ta ƙone masa ƙafa, tsakuwa ta cika masa gwiwa. Likita ba yaro ba ne, yana gani, amma abin da aka gaya masa zai rubuta. Illar farko a jikinka take, don yadda aka faɗi shi ke nuna masa inda zai nemi ɓoyayyen rauni, a ciki ko a kai ko a wuya. Ta biyu sai daga baya. Idan aikin wani ka je, kai kaya ko ɗauko ma'aikata, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki haƙƙi, kuma hukumar NSITF ke kula da asusun. Idan wani ne ya buge ka, inshorar motarsa ce ya kamata ta biya. Duk su biyun rahoton likita za su nema, rahoton kuwa daga katin ranar farko ake ciro shi. Bayan wata shida ba wanda zai goge maka “bene” ya sa “tifa”.

A Amurka abin ya kai har babur ɗin tseren daji yana da lambarsa daban, kuma kamfanin inshora ba ya sakin ko dala ɗaya sai lamba ta yi daidai da aikin da aka yi. Mu nan yawancinmu daga aljihu muke biya, rasit bayan rasit, shi ya sa muke raina takarda. Amma abin yana sauyawa. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya, Abuja ma tana da nata tsarin. Mai inshora, kafin a yi masa babban aiki irin sa ƙarfe a ƙashi, sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfanin da ke kula da shi, su kuma sunan ciwon da aka aika musu za su duba. An rubuta targaɗe, ana neman kuɗin tiyata, ai sai fayil ya yi ta kwana kai kana kwance.

Batun maɗora, ba zan ce muku ba su iya ba, kakana ma ya yi ɗori. Sai dai a fara zuwa asibiti, a buɗe kati, a ɗauki hoton ƙashi. Karayar da ƙashi ya ɓullo waje, da buguwar kai mai sa amai ko barci, ba na maɗori ba ne ko kaɗan. Kada kuma rashin kuɗi a hannu ya sa ku tsaya shawara a bakin hanya, sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa.

Ku shugabannin ƙungiya, a kowace tasha ku zaɓi mutum guda mai karatu da natsuwa wanda zai riƙa bin wanda ya ji rauni. Ya faɗi wuri, da lokaci, da abin da aka yi karo da shi, da ko akwai hular kwano. Ya duba an rubuta suna daidai da na katin ɗan ƙasa. Ya tara rasit da hoton ƙashi da takardar sallama a leda guda, ya ɗauke su hoto a waya. Kafin a bar asibiti ya roƙi malamin jinya, cikin ladabi, ya karanta masa sunan ciwon da aka rubuta.

Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ku sa ta a wayoyinku yau. Allah Ya tsare hanya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.