Manhaja ta ƙi buɗewa bayan afdet? Kada a goge ta tukuna

Aikina gyaran waya da tabilet ne a Kano, kuma akwai matsalar da take yawan zuwa teburina wadda ba ta allo ba ce, ba ta batiri ba. Mutum ya kwana da tabilet ɗinsa lafiya, cikin dare na'urar ta yi afdet, da safe ya taɓa manhajar da yake ajiye lissafin shago ko darussansa, sai ta yi ƙyaf ta rufe. Wani lokaci ma ba ta buɗewa sam, sai dai wani rubutu ya fito cewa sai mai manhajar ya sabunta ta. Mai manhajar kuwa ya daɗe da barin harkar.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, afdet ba ya cika goge fayilolin mutum. Suna nan a cikin na'urar, hanyar isa gare su ce ta toshe. Kamar ɗaki ne da makullinsa ya ƙi juyawa, kaya na ciki ba abin da ya same su. Abin da yake hallaka su shi ne gyaran gaggawa da ake yi kafin a kawo mana.

A iPad tushen matsalar sananne ne. Kamfanin Apple ya fara saka injin 64-bit a iPhone 5s da iPad Air a 2013, ya kuma wajabta wa masu ƙera manhajoji su koma wannan tsari a 2015. Da iOS 11 ya fito a 2017 sai ya daina buɗe duk manhajar da ta tsaya a tsohon tsarin 32-bit. Hotonta yana nan a allo, bayananta na ciki, amma ba za ta motsa ba. Za a ce ai wannan tsohon labari ne. A wurinmu ba tsoho ba ne, domin yawancin iPad ɗin da ke hannun mutane a nan na gwanjo ne, wani ya yi shekara da shekaru bai ga afdet ba, sai ranar da ɗan gida ya haɗa shi da intanet mai ƙarfi ya danna amincewa.

A ɓangaren Android abin ya ɗan bambanta. Daga Android 14, wanda ya fito a 2023, na'ura ba ta yarda a saka manhajar da aka ƙera don abin da ya gaza Android 6, sannan Android 15 ya ɗaga iyakar zuwa Android 7. Manhajar da take ciki tun kafin afdet ana barinta. To amma da zarar an cire ta da nufin a sake saka ta "ko za ta gyaru", shi ke nan, ta hanyar da kowa ya saba ba za ta sake shiga ba, kuma bayanan da ke cikinta sun tafi tare da ita.

Wannan cirewa da sake sakawa ita ce ɓarna ta farko. A iPad ma haka ne, goge manhaja yana tafiya da duk abin da ta ajiye. Akwai zaɓin da aka rubuta wa Offload App, shi yana cire manhajar ya bar takardunta, amma ko shi ba na ba da shawarar a taɓa, domin idan an riga an janye manhajar daga App Store ba za ta dawo ba. Ɓarna ta biyu ita ce maɓallin Clear data a Android, wanda mutane da yawa suke ɗauka shara kawai yake sharewa. Ta uku, wadda ta fi ba ni takaici, ita ce fulashin, wato mayar da na'ura sabuwa. Wasu abokan sana'armu duk cutar da aka kawo musu maganinta ɗaya ne, a yi fulashin. Na'urorin yanzu kuwa bayanansu a kulle suke da lambar sirri da ke cikin na'urar kanta, idan aka mayar da ita sabuwa wannan lambar ta tafi, duk wanda ya ce zai dawo maka da fayil bayan haka kuɗinka kawai zai ci.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta taɓa kawo mini iPad da duk bashin da take bin mutane a cikin wata tsohuwar manhajar rubutu. Tambayar da na fara yi mata ita ce, "Hajiya, akwai wanda ya taɓa shi bayan abin ya faru?" Ta ce ɗanta ya so ya goge manhajar, ta hana shi. Na ce, "To Hajiya, kin gama rabin aikin."

Ga yadda aikin yake a iPad. Da farko a duba manhajar Files, wani lokaci jakar tsohuwar manhajar tana nan a fili. Idan babu, a haɗa shi da kwamfuta. A Windows ana amfani da iTunes, a Mac kuwa tun 2019 Finder ne ya karɓi wannan aikin. Akwai sashen raba fayiloli da ke nuna takardun duk manhajar da mai ita ya buɗe wa wannan ƙofa, kuma ba sai manhajar tana aiki ba kafin a kwafe su. Idan nan ma ba a dace ba, sai a ɗauki bakof na na'urar gaba ɗaya a kan kwamfuta, a buɗe shi da manhaja irin iMazing ko iExplorer, a shiga jakar manhajar da ta mutu. A nan aka fi samun nasara. Bakof na iCloud ba ya buɗuwa haka, shi ya sa na kwamfuta muke so. Idan kuma an taɓa saka wa bakof kalmar sirri, dole sai an tuna ta.

Fitar da fayil ba shi ne ƙarshen aiki ba. Hotuna da PDF da sauti suna buɗewa a ko'ina. Amma manhajojin rubutu da lissafi da yawa suna zuba komai ne a rumbu guda mai tsarin SQLite, wanda idan ka danna shi ba abin da za ka gani. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta, DB Browser for SQLite, da ke buɗe shi ta fitar da abin da ke ciki a jere yadda Excel zai karanta. Lissafin Hajiya ta nan ya fito, sunaye da kuɗi da kwanan wata, sai dai ado da launukan da ta yi wa shafukan ba su biyo ba. Mai wahala shi ne manhajar zane ko ta rubutun hannu da ke da tsarin fayil nata na kanta. Wannan sai an nemo tsohuwar na'ura, irin iPad na huɗu da ya tsaya a iOS 10, a sauke manhajar daga asusun da aka saye ta da shi idan har tana samuwa, a zuba mata fayilolin, a fitar da su a matsayin PDF ko hoto. Ina ajiye da tsofaffin na'urori a shago saboda wannan kaɗai.

Kullum sai an tambaye ni ko ba za a mayar da na'urar tsohon tsarinta ba. Apple yana rufe hanyar komawa baya jim kaɗan bayan fitar da sabo. A Android kuma komawar tana buƙatar a buɗe makullin tushen na'urar, buɗewar da kanta tana share komai.

Android yana da nasa sauƙin. Kafin a tayar da hankali a duba izinin manhajar, domin tun Android 11 na'ura tana janye izini daga manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba, sai ta zama ba ta ganin fayilolinta alhali suna nan. Tsofaffin manhajoji da yawa suna da jaka mai sunansu a ma'ajiyar na'ura ko a katin memori. Wasu kuma suna cikin jakar Android/data, wadda tun 2020 aka hana manhajojin duba fayil shiga, amma a mafi yawan na'urori kwamfuta tana ganinta ta wayar USB. Abin da manhaja ta ɓoye a can cikin keɓaɓɓen wurinta shi ne mai wuya, kuma gaskiya a nan wani lokaci hannu yana dawowa wayam. Mai gyaran kirki zai faɗa maka haka tun kafin ya karɓi kuɗinka.

Wanda manhajarsa take aiki yau, ya buɗe ta ya nemi inda ake fitar da bayanai, ya fitar da su a PDF ko Excel, ya tura wa kansa ta imel ko ya saka a filasha. Ya duba a App Store ko Play Store yaushe rabon da a sabunta ta, idan an yi shekaru ko ma ba ta nan, lokacin ƙaura ya yi. Ya kashe afdet mai yin kansa har sai ya gama kwashewa, sannan ya yi afdet ɗin, domin zama babu shi ma yana buɗe wa ɓarayin intanet hanya.

Idan kuma ta kai ga kawo wa mai gyara, a tuna cewa bakof ɗin da zai ɗauka yana ɗauke da hotunan iyali da saƙonni, ba fayil ɗin da ake nema kaɗai ba. A zo da filasha, a zauna a yi aikin a gaban ido, idan an gama a ce ya goge kwafin da ke kwamfutarsa kafin a tashi.